Injiniyan takarda da injin fadama

A ƙauyenmu da ke gefen fadamar Wurno, tun ranar da labari ya iso cewa na sami gurbin karatu a jami'a aka daina kirana da sunan yanka. Tsoho da yaro, mace da namiji, kowa "Injiniya" yake cewa. Mahaifiyata, wadda alkunya ta hana ta ambaton sunana tun ina jariri domin ni ne ɗan fari, ita ma ta sami hanyar kirana. Ni kuwa na karɓi sunan hannu bibbiyu, ban san cewa bashi na ci ba, kuma ranar biya tana tafe.

Mai karatu da bai san yankinmu ba zai iya tambaya, me ya sa wannan suna yake da nauyi haka a wurinmu? Amsar tana cikin ruwa. Gulbin Rima ya ratso ta Goronyo ya biyo ta Wurno, Gulbin Sakkwato kuma ya biyo ta Rabah, sannan su haɗu a kusa da birnin Sakkwato. A bakin waɗannan gulabe ne ake noman albasa da tafarnuwa da alkama da shinkafar rani. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala gininta a 1984, an tsara ta ne ta riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, ga kuma madatsar Lugu da ke shayar da gonakin Wurno. Kakanninmu da jigo suka yi ban ruwa, guga bayan guga, har kafaɗa ta sage. Daga shekarun 1980 zuwa na 1990, shirye-shiryen bunƙasa noman fadama suka yaɗa ƙananan rijiyoyin bututu da injin ban ruwa mai shan fetur, jigo ya zama tarihi. A yau idan injin ya tsaya, tukunyar gida ce ta tsaya. Saboda haka idan manomi ya ce da ɗansa "Injiniya", abin da yake nufi a ransa shi ne mutumin da injin ke jin maganarsa.

Abin da na tarar a jami'a

Na shiga wata jami'a a Arewa a 2018 domin karatun injiniyan kanikanci, kwas ɗin da aka rubuta masa shekara biyar. Na tafi da tunanin cewa cikin mako biyu za a miƙo mini sifana. Aka miƙo mini lissafi. Shekarar farko duka lissafi ne da kimiyyar lissafi da kimiyyar sinadarai, a ɗakin lacca da muke cika maƙil, wanda bai yi sammako ba sai tsayuwa a bakin taga. A shekara ta biyu aka ƙaro zanen injiniya, inda mutum zai kwana a kan allon zane yana jan layi, da safe malami ya duba ya ce kaurin layin bai yi ba. Daga nan sai ilimin juriyar ƙarafa, da ilimin zafi da yadda ake mayar da shi ƙarfi, da ilimin motsin ruwa da iska.

Babban shingen da na fara cin karo da shi Turanci ne. A sakandare ni ne gwanin lissafi, amma a nan sai na ga kafin in warware tambaya dole in fara warware harshen da aka yi ta da shi. Mu da muka fito daga makarantun karkara muka riƙa haɗuwa bayan sallar isha'i, wanda ya gane darasi ya maimaita wa sauran da Hausa. Na fahimci dokokin zafi ne a bakin wani abokina ɗan Goronyo, wanda ya kawo mini misali da tukunyar shayi da murfinta. 'Yan mata a ajinmu ba su kai yawan yatsun hannu ɗaya ba, amma ɗaya daga cikinsu ce take warware mana lissafin da ya gagari kowa, kuma ba ta taɓa yi mana gori ba.

A ɗakin kwana kuwa, an tsara shi ne domin mutum huɗu, amma mu takwas muke kwana. Abincinmu garau-garau a kan risho, idan wata ya yi nisa a koma wa garin kwaki da ƙuli. Kuɗin rajista da na takardu da na abinci duk daga rumbun albasar mahaifina suke fitowa. Idan albasa ta yi daraja, zangon karatu ya yi daɗi. Idan ta faɗi a kasuwa, ko ta ruɓe a rumbu, sai in ji a cikin tukunyata kafin a gaya mini a waya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗakin koyon aikin hannu. Akwai injunan sassaƙa ƙarfe jere reras, manya, masu kwarjini, amma mafi yawansu sun girmi iyayenmu, kuma ɗaya ko biyu ne ke motsi. Ranar da aka sami wuta, mutum talatin za su kewaye inji ɗaya, ma'aikacin ɗakin ya nuna yadda ake yi, mu rubuta. Ranar da babu wuta, ya bayyana da baki, mu rubuta. Ba na ɗora wa malamanmu laifi, domin na ga wanda ya sayi man janareta da kuɗin aljihunsa don kada darasi ya wuce mu. Sai dai gaskiya ɗaya ce, na kai aji uku ina iya zana fistin da ma'auninsa daidai, alhali ban taɓa riƙe shi a hannuna ba.

Ranar da injin ya ƙi jan ruwa

A watan Maris na 2020 malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki, annobar korona kuma ta sa aka rufe makarantu, muka tattara muka koma gida. A watan Afrilu, ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, shinkafar ranin mahaifina ta yi ciki. Duk manomi ya san wannan shi ne lokacin da shinkafa ba ta yafe ƙishirwa. Ana cikin haka sai injinmu ya ƙi jan ruwa. Yana tashi, yana ƙara yadda ya saba, amma bakin tiyo a bushe.

Mahaifina ya dube ni, maƙwabtan gona ma suka dube ni. Wani dattijo ya ce, "To, yau ga ranarka, Injiniya." Na naɗe hannun riga. Na kwance fulogi na goge, na sauke kafireto na wanke, na duba baƙin mai. Duk inda na taɓa a littafi na taɓa a injin. Tun hantsi har la'asar muna tayarwa muna kashewa, fetur na ƙonewa, ƙasa na tsagewa a gindin shinkafa. Ban tsaya na tambayi kaina tambaya mafi sauƙi ba: idan injin yana tashi lafiya, me ya kai ni cikinsa?

Da yamma ƙanena ya ɗauko wani bakanike daga cikin gari a kan babur, mutum ne da bai taɓa zama a aji ba in ban da makarantar allo. Bai ko kalli kafireton ba. Ya ce a tayar, ya kara kunnensa a jikin tiyon da ke shiga rijiya, ya bi shi da tafin hannu har ya kai mahaɗa. Ya ce iska yake sha. Ya yanko robar cikin tayar babur ya naɗe wurin tam, ya cika cikin fanfon da ruwa, sannan ya ce a tona rami kamar zuwa ƙugu a sauke injin ciki, domin ruwan rijiyar ya yi ƙasa. Kafin a kira magariba ruwa ya yi tsalle daga bakin tiyo.

Babu wanda ya yi mini dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Mahaifina ne ya juya ga mutane ya ce, "Ba a kai su nan ba tukuna a karatun nasu." Ya rufa mini asiri a gaban jama'a, amma na san shekara uku yana sayar da albasa don wannan rana.

Wata takwas a gareji

Washegari na je garejin mutumin nan na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, na zo ne a koya mini aiki." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, nan ba a zama da farar riga." Ya miƙo mini kwano da kananzir, ya nuna mini tulin kusoshi. Yaran garejin, waɗanda na girme su da shekara bakwai ko takwas, su suka zama manyana. Sun tsokane ni na mako biyu, daga baya suka gaji suka fara koya mini.

Yajin aikin bai ƙare ba sai a watan Disamba. A tsawon wannan lokaci na koyi abin da ba a rubuta a allo: yadda ake gane ciwon inji daga sautinsa, yadda launin hayaƙi ke faɗin ko ringi ya cinye ko mai ya yi yawa, yadda yashi ke cinye farfelar fanfo a hankali har ta zama kamar tsohon ludayi. Na kuma ga iyakar wannan ilimi. Maigidana ya san abin da zai yi, amma idan na tambaye shi dalili sai ya ce haka ya tarar ana yi. Manomi zai zo yana kukan ruwa ya ragu, a ba shi shawarar sayen inji mafi girma, ya ci bashi ya saya, ruwan bai ƙaru ba, shan fetur ne ya ƙaru.

Da muka koma makaranta a 2021, muka shiga darasin fanfuna. Malami ya rubuta a allo cewa fanfo ba ya jan ruwa da ƙarfin kansa. Abin da yake yi shi ne rage matsi a cikin bututu, sai nauyin iskar duniya ya danno ruwan ya hau. Wannan nauyi kuwa, ko da komai ya cika, ba ya iya ɗaga ruwa fiye da mita 10 da 'yan kai, a aikace kuma da wuya a wuce mita 7 zuwa 8. Idan ruwan rijiya ya sauka ƙasa da haka, ko injin jirgin sama aka ɗaura ba zai hau ba. Idan kuma iska ta sami ƙofa komai ƙanƙantarta, aikin ya rushe. Ya ƙara da cewa idan matsin ya ragu ƙwarai, ruwa kan yi kumfa kamar ya tafasa ba tare da wuta ba, kumfar ta riƙa fashewa a jikin farfela tana cin ƙarfen, a ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a ciki. 'Yan ajinmu suna rubutawa don jarrabawa, ni kuwa ina zaune ina kallon ramin da aka tona a gonarmu. Abin da Kawu ya sani da tafin hannu, ga shi a allo da lambobi. Ranar ce ta farko da na ji makarantun nan biyu sun gaisa a cikin kaina.

Karatu da zuciya biyu

Ba zan yi wa mai karatu adalci ba idan na tsallake abin da ya fi komai nauyi ga ɗalibin gabashin Sakkwato a waɗannan shekaru. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, ciki har da Rabah da Goronyo, saboda yaƙi da 'yan bindiga. A watan Oktoba kuma aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutane da yawa. Abokina ɗan Goronyo, mai misalin tukunyar shayi, ya kwana uku bai san halin da mahaifinsa yake ciki ba, kuma a cikin kwanakin nan muka rubuta gwaji. Na gan shi riƙe da biro yana kallon takarda, bai rubuta komai ba sai lambarsa. Allah Ya tsare mahaifin nasa, amma darasin sai da ya maimaita shi.

Akwai waɗanda ba su dawo ba sam. Wani abokin karatunmu daga wani ƙauye a ƙasar Rabah, iyayensa suka bar gonakinsu suka yi hijira, ya ajiye karatu a aji huɗu ya kama acaɓa don ciyar da ƙannensa. Ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Sai ga yajin aikin 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Karatun da aka ce mana shekara biyar, sai da ya ci mana kusan bakwai. Duk wanda ya ga ɗan yankinmu da takardar digirin injiniya, ya sani ba jarrabawa kaɗai ya ci ba.

Inda lissafi ya biya bashinsa

A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, daga baya ta wuce 1,000. Manoman rani ne suka fara jin raɗaɗin, domin kowane buhun shinkafa da fetur ake shayar da shi. Wasu suka rage gona, wasu suka mayar da injinsu mai amfani da gas ɗin girki, masu hali suka fara duban fanfo mai aiki da hasken rana.

A lokacin ne aka zo zaɓen aikin kammala karatu. A cikin jerin da aka liƙa akwai batutuwan da aka sha maimaitawa shekara da shekaru. Na roƙi malamin da ke duba aikina ya bar ni in yi nazarin injin ban ruwa na fadama, ya amince, Allah Ya saka masa da alheri. Na koma gonarmu da bokiti da agogo da igiyar awo. Lissafin mai sauƙi ne: ɗaga lita 10 na ruwa a kowace daƙiƙa zuwa tsawon mita 8 yana buƙatar ƙarfin da bai kai kilowat ɗaya ba, alhali injin da muke amfani da shi, mai ƙarfin doki biyar da rabi, ya kai kimanin kilowat huɗu. Ina sauran ƙarfin yake tafiya? Wani a zafi, wani a tsohuwar farfela, wani kuma mai yawa a gogayyar ruwa da cikin siririn tiyo mai tsawo da lanƙwasa. Littafi ya nuna cewa idan aka sauya tiyo mai inci biyu da mai inci uku, asarar gogayya kan ragu kusan ninki bakwai. Ya kuma nuna cewa ƙure wa inji gudu, kamar yadda manomanmu suke so don su ji yana ruri, ribarsa kaɗan ce a kan man da yake ci.

Muka sauya tiyon, muka gajarta shi, muka miƙe lanƙwasarsa, muka sassauta gudun injin. Mahaifina bai karanta kundin da na rubuta ba, kuma ba zai karanta ba. Abin da ya lura da shi shi ne jarkar fetur ta fara kwana biyu a inda da take kwana ɗaya da rabi. Na kai wa Kawu bayanin, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ashe dai akwai abin da kuke yi a can." Ban taɓa samun makin da ya kai wannan daɗi ba.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Wannan ƙasa tamu ba baƙuwar wannan tunani ba ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a ribaɗin Wurno kuma aka binne shi a can a 1837, malami ne mai rubuce-rubuce, amma a nasiharsa ga Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ya sanya kula da manoma da maƙera da sauran masu sana'a cikin aikin shugaba. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, shi ya tsaya aka buɗe jami'a a Zariya a 1962, wadda ta yaye injiniyoyi masu yawa na Arewa. Dukansu biyu sun so ilimin da zai sauko ƙasa ya yi wa talaka aiki. Mu da muka gaji wannan ƙasa, ga madatsar Goronyo a ƙofar gidanmu, wadda ambaliyar 2010 ta nuna mana abin da ruwa ke iya yi idan ya fi ƙarfin lissafi, har ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, bai kamata mu rasa abin nazari ba.

Ina roƙon sassan koyar da injiniya da su riƙa ɗebo batutuwan aikin kammala karatu daga fadama da kasuwa: rumbun albasa da zai rage ruɓewa, injin casar shinkafa da ba ya karya ƙwaya, fanfon hasken rana da aka auna daidai da zurfin rijiyar manomi, abin busar da tafarnuwa da tumatir. Wata shidan nan na koyon aiki da ake yi a aji huɗu, wanda da yawa daga cikinmu suke cinyewa a ofis suna sa hannu a littafi, a bar ɗalibi ya yi shi a ma'aikatar ban ruwa ko a gareji mai aiki na gaske, malami ya bi shi ya duba. Ba kuma zai rage wa jami'a daraja ba idan ta gayyaci gogaggen bakanike ya tsaya gaban ɗalibai sau ɗaya a zango.

Ga ƙananan hukumominmu da masu hannu da shuni na Wurno da Rabah da Goronyo, ɗaliban injiniya daga yankin nan ba su da yawa, ana iya ƙirga su. Kuɗin da zai riƙe ɗalibi ɗaya har ya gama bai kai abin da ake kashewa a walimar yini ɗaya ba. A nemo waɗanda hijira ta fitar daga aji, a mayar da su.

Ga ƙannena masu shirin shiga ko waɗanda ke ciki, kada ku raina lissafi, domin shi ne abin da za ku kawo wanda babu shi a gareji. Kada kuma ku jira jami'a ta ba ku hannu, ba ta da shi da yawa. Duk hutu, duk yajin aiki, Allah Ya kiyaye, ku nemi wani Kawu ku durƙusa. Hukumar COREN da ke yi wa injiniyoyi rajista ma ba ta ba mutum wannan suna ranar da ya karɓi digiri, sai ya yi shekaru yana aiki an gani. Mutanen ƙauye ne kawai suke bayar da shi tun kafin a fara, saboda kyakkyawan zato.

Ramin da aka tona a gonarmu yana nan, duk rani ana ƙara masa zurfi kaɗan. Har yanzu "Injiniya" ake kirana, ni kuma har yanzu ina biyan bashin, inji bayan inji. Allah Ya ba mu zaman lafiya a gabashin Sakkwato, Ya mayar da manoma gonakinsu da ɗalibai azuzuwansu, Ya sa abin da muka karanta ya amfani waɗanda suka sayar da albasa don mu karanta.